Maganar Allah a Bakin Wanda Yake Cikin Tanderu

Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana da 'yan'uwana Kirista a kan wani al'amari da muke yawan rerawa a waƙa amma muke gudun tattaunawa da gaske, wato yadda mai bi zai ci gaba da dogara ga maganar Allah a lokacin da Allah da kansa yake tsarkake shi ta hanya mai zafi. Na san masu karanta wannan shafi da yawa Musulmi ne, ina kuma fatan ba za su ga na tare musu wuri ba, tun da yake sunayen Ayuba da Yusufu ba baƙi ba ne a kunnuwansu, ciwo kuwa ba ya tambayar addinin mutum kafin ya shiga gidansa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata koyarwa da ta yi ƙarfi a tsakaninmu, wadda take nuna wa mutane cewa wanda ya gaskata da gaske ba zai kwanta ciwo ba, ba zai yi hasara ba, ba kuwa zai taɓa durƙusawa ya yi addu'a ya ji kamar sama ta rufe masa ba. Koyarwar tana da daɗin ji muddin ana zaune lafiya. Ranar da wahala ta iso kuwa, wanda aka rene shi da ita ba shi da mafita sai ɗayan biyu, ko dai ya yanke cewa Allah ya saɓa alkawarinsa, ko kuma ya yanke cewa wani ɓoyayyen zunubi nasa ne ya jawo masa fushin Ubangiji. Na ga waɗanda suka bar majami'a saboda zato na farko, na kuma ga waɗanda suka zauna a cikinta shekara da shekaru suna cin zuciyarsu saboda zato na biyu.

Ni kaina na bi ta wannan hanya. Na kwanta ciwo wata 14, bayan na daɗe ina koya wa waɗansu Littafi Mai Tsarki, ina gaya musu kada su ji tsoro. Ciwon jikin ya dame ni, amma bai kai rabin abin da ya same ni a zuciya ba, domin ayoyin da na haddace tun ina yaro sun koma mini kamar wasiƙar da aka rubuta wa wani, addu'a kuma ta zama kaya mai nauyi wanda nake ɗauka don kunya. Masu zuwa dubiya sun zo da kyakkyawar niyya. Wani ya ce in bincika kaina, wani ya ce in ƙara bangaskiya, kamar dai bangaskiya ruwa ce da ake ƙarawa a tulu idan ta yi ƙasa.

A cikin wannan hali ne wata aya da na sha wucewa ta kanta ta tsayar da ni. Zabura 105, a aya ta 18 da ta 19, ta taƙaita labarin Yusufu, ta ce an ɗaure ƙafafunsa da mari, an sa shi cikin ƙarfe, kuma kafin abin da aka faɗa ya cika, maganar Ubangiji ta yi ta gwada shi. Kalmar Ibrananci da ke wurin ita ce wadda ake faɗa wa aikin mai tace azurfa a wuta. Na daɗe ina juya wannan a raina, domin da ni ne mai rubutun, da na ce kurkuku ne ya gwada Yusufu, ko ƙiyayyar 'yan'uwansa, ko ƙazafin matar Fotifar maigidansa. Mai zabura ya ɗora gwajin a kan maganar da kanta, kuma da na duba lissafin shekarun sai na ga dalilinsa. Yusufu yana ɗan shekara 17 sa'ad da ya yi mafarkin da ya nuna masa ɗaukaka, bai tsaya a gaban Fir'auna ba sai yana da shekara 30. A tsakani akwai rijiya, akwai bauta, akwai kurkuku, akwai kuma shekara 2 cur da ya ƙara a tsare saboda shugaban masu shayarwa na Fir'auna ya manta da shi bayan Yusufu ya roƙe shi ya tuna da shi. 'Yan'uwansa ba su zo sun sunkuya masa ba sai da shekara 7 na ƙoshi suka wuce yunwa ta shigo, bai kuma bayyana musu kansa ba sai da yunwar ta cika shekara 2, wato kimanin shekara 22 bayan mafarkin. Fursunan da ba a taɓa yi masa alkawari ba, wahalarsa ɗaya ce, ta zaman kurkuku. Shi kuwa Yusufu kowace safiya yana tashi da abu biyu waɗanda suka ƙi haɗuwa, abin da Allah ya nuna masa da abin da idonsa yake gani, wannan saɓani kuwa shi ne wutar. Na gane cewa zafin da nake ji bai nuna maganar Allah ta bar ni ba, don da ta bar ni da ba ta ƙona ni haka ba.

Yana da amfani mu san yadda ake aikin da annabawa suke kawo misali da shi. Mai tace azurfa a zamanin da yakan narkar da ita tare da dalma a cikin wani kasko mai tsotse abu, irin wanda akan yi da tokar ƙashi ko yumɓu, sa'an nan ya riƙa zuga iska a kan narkakken ƙarfen. Iskar tana cin dalmar, dalmar tana kwashe ƙarafa marasa daraja da suka gauraya da azurfar, kaskon yana shanye su, har a ƙarshe azurfa zalla ta rage. Ba ɗan ɗumi ake yi ba, domin azurfa ba ta narkewa sai zafi ya kai digiri 962 a ma'aunin Selsiyas, zinariya kuwa sai ya kai 1064. Annabi Malakai ya ce Ubangiji zai zauna kamar mai tace azurfa ya tsarkake 'ya'yan Lawi, wato firistoci, mutanen da suka fi kowa kusa da bagade, abin da ya kamata ya sa duk mai hidima a cikin ikilisiya ya daina tsammanin hidimarsa za ta kare shi daga tanderu. Abin da ya fi jan hankalina a aikin shi ne wuta ba ta ƙara wa azurfa kome. Abin da ya fito daga kasko kullum bai kai nauyin abin da ya shiga ba. Haka ma mai bi yakan fito daga irin wannan lokaci da ƙarancin abubuwan da yake bugun ƙirji da su, da ƙarancin amsoshi masu saurin fitowa, har waɗanda suka san shi a da su zaci ya ja da baya a ruhaniya.

Sai dai kada a ɗauka cewa wahala kaɗai tana tsarkake mutum. Annabi Irmiya, a ƙarshen sura ta 6, ya kwatanta wani aikin tacewa da ya tashi a banza: zuga-zugi suna hurawa da ƙarfi, dalma ta ƙone ƙurmus, amma gurɓatar ba ta rabu ba, har aka kira mutanen azurfar da aka ƙi. Dukanmu mun san mutanen da wahala ta bar su da ɗacin rai da taurin zuciya. Bambancin yana ga abin da mutum ya riƙe sa'ad da yake cikin wutar, Zabura 12 kuwa ta faɗi abin da ya cancanci a riƙe, inda ta ce maganganun Ubangiji tsarkaka ne, kamar azurfar da aka tace sau bakwai a tanderu. Babu sauran dalma a cikinsu da wuta za ta ci.

To, idan maganar ba ta ƙonewa, mene ne yake ƙonewa har muke jin ƙauri? A nawa ɓangaren dai, abin da ya ƙone shi ne alkawuran da na sa a bakin Allah alhali bai yi su ba. Ban taɓa furtawa ba, amma a can ƙasan zuciyata akwai wani ciniki, cewa tun da na yi masa hidima, shi kuma zai biya ni da lafiya da rufin asiri. Wannan ciniki shi ne ainihin abin da Shaiɗan ya zargi Ayuba da shi a sura ta farko, sa'ad da ya tambaya ko Ayuba yana tsoron Allah a banza ne, ba don shingen da aka kewaye shi da shi ba. Zargin bai tabbata a kan Ayuba ba, amma a kaina akwai gaskiya a cikinsa. Da na koma ina neman inda Yesu ya yi wa almajiransa alkawarin hutu daga ciwo, abin da na tarar shi ne ya gaya musu ƙarara cewa a duniya za su sha wahala, sai dai su yi ƙarfin hali domin ya yi nasara da duniya. Ko Bitrus ma, da Yesu ya gaya masa Shaiɗan ya nemi ya sheƙe su kamar alkama, addu'ar da ya yi masa ita ce kada bangaskiyarsa ta kasa, bai ce ya roƙa a ɗauke masa sheƙewar ba.

A nan ne dogara ga maganar Allah take bukatar hankali, domin ana iya ɗaukar aya ta gaskiya a gina ƙarya da ita. A jeji, bayan azumin kwana 40, Iblis ya jawo wa Yesu Zabura 91, ya ce ya faɗo daga kan Haikali tun da an rubuta mala'iku za su tallafe shi. Ayar tana nan a rubuce, amma an cire ta daga mazauninta an mai da ita igiyar ɗaure Allah. Yesu ya amsa gwaje-gwajen nan uku duka daga littafin Maimaitawar Shari'a, littafin da yake tuna wa Isra'ila shekara 40 da suka yi a jeji, inda aka bar su suka ji yunwa domin su san ba da abinci kaɗai mutum yake rayuwa ba. Mai wa'azin da yake ciro wa majiyyaci aya guda ya ce masa ya kama Allah da ita, ya kamata ya tsaya ya duba ko muryar wa yake arowa.

Akwai kuma wata jaraba da takan zo idan jira ya yi tsawo, wato mutum ya taimaki Allah ya cika alkawarinsa. Ibrahim yana da shekara 75 aka kira shi da alkawarin zuriya, Ishaku bai zo ba sai yana da shekara 100, a tsakani kuma, ya nemi gajeriyar hanya ta wurin Hajara, baiwar matarsa, wadda ta haifa masa Isma'ilu yana da 86, gidansa ya sha rikicin abin. Ishaya, a sura ta 50, ya yi magana da mai tsoron Ubangiji wanda yake tafiya cikin duhu ba shi da haske, ya ce ya dogara ga sunan Ubangiji, nan take kuma ya gargaɗi masu hura wutar kansu su yi tafiya a haskenta, ya ce ƙarshensu kwanciya cikin azaba. Abin lura shi ne annabin bai ga wani saɓani tsakanin tsoron Allah da tafiya cikin duhu ba.

Wannan duhu shi ne ɓangaren da muka fi ɓoyewa. Mutum yana iya faɗa wa ikilisiya cewa ba shi da lafiya, a yi masa addu'a, amma da wuya ya tashi ya ce ya yi wata shida bai ji kusancin Allah ba. Masu bi na da sun fi mu sakin baki a kan wannan. Yohanna na Gicciye, wani malamin zuhudu ɗan Sifaniya wanda ya rayu daga 1542 zuwa 1591, wanda 'yan ƙungiyarsa da suka ƙi gyaran da yake goyon baya suka kulle shi a birnin Toledo daga Disamban 1577 har ya tsere a Agustan 1578, ya kwatanta bushewar rai da yaye. Ya ce uwa takan shafa abu mai ɗaci a nononta, ta sauke yaron daga hannunta domin ya koyi takawa da ƙafafunsa. Yaron yana ganin ƙi ne, uwar kuwa ta san girma ne. Na yarda da misalin domin ya dace da abin da na gani a kaina, cewa na daɗe ina ƙaunar daɗin da nake ji a wurin addu'a, ina zaton Allah nake ƙauna, ban kuwa iya rarrabe su ba sai da aka ɗauke daɗin. Ayuba ya faɗi irin wannan a sura ta 23, cewa ya nufi gaba bai same shi ba, ya juya baya bai gan shi ba, hagu da dama duk haka, amma duk da haka Allah ya san hanyar da yake bi, idan ya gama gwada shi zai fito kamar zinariya. Dogararsa ta tsaya a kan cewa Allah yana ganinsa, a daidai lokacin da shi ba ya ganin Allah.

Ba na so kowa ya fahimci cewa dogara tana nufin haɗiye kuka. Zabura 88 addu'a ce daga farko har ƙarshe, ba ta da ko baiti guda na samun sauƙi, kalmarta ta ƙarshe a Ibrananci ita ce duhu, kuma an bar ta a cikin Littafi Mai Tsarki ba a gyara ta ba. Littafin Makoki, wanda aka rubuta a kan kufan Urushalima bayan Babila ta rushe ta wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, a sura ɗaya ya ce Allah ya toshe addu'ar mai kuka, ya kuma ce jinƙansa sabo ne kowace safiya, ya ƙara da cewa ba da son ransa yake wahalar da 'yan adam ba. Ubangijinmu Yesu da kansa ya roƙa sau uku a lambun Getsamani a ɗauke masa shan wahalar, a kan gicciye kuma, a sa'ar da ta fi kowace duhu, kalmomin da suka fito daga bakinsa na Zabura ne, ta 22 da yake tambayar dalilin da aka yashe shi, da ta 31 da yake miƙa ruhunsa. Wanda yake kai ƙararsa wurin Allah bai rabu da Allah ba tukuna. Ni abin da na iya yi a watannin nan bai wuce karanta zabura guda da ƙarfi kowace safiya ba, sau da yawa ba tare da na ji kome ba, kamar mai shan magani saboda ya amince da likita.

Malam Edita, dole in ja kunnen waɗanda za su ɗauki wannan wasiƙa su mai da ita sanda. Tsarkakewa suna ne da mutum zai iya ba wa wahalar kansa, sau da yawa ma sai bayan ta wuce, amma ba hakkin mai kallo ba ne ya laƙaba shi a kan wahalar wani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abokan Ayuba uku sun yi daidai a kwana bakwai ɗin da suka zauna tare da shi ba su ce uffan ba, kuskurensu ya fara ne da suka buɗe baki suna bayyana dalilan Allah, har a ƙarshe Ubangiji ya ce wa Elifaz, ɗaya daga cikinsu, ba su faɗi gaskiya game da shi ba kamar yadda Ayuba ya yi, alhali Ayuba ne mai gunaguni, su ne masu kare Allah. Yesu ya ƙi yarda cewa zunubin wanda aka haifa makaho ko na iyayensa ne ya jawo makantar, ya kuma ƙi yarda cewa mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo musu sun fi sauran mutanen Urushalima laifi. Haka nan ba kowace wahala ce ake zama a cikinta ba. Matar da ake duka tana bukatar mafaka, wanda baƙin ciki ya hana shi barci da ci yana bukatar likita, wanda aka zalunta yana da ikon neman hakkinsa, kamar yadda Bulus ya hana a yi masa bulala ta wurin faɗin cewa shi ɗan ƙasar Roma ne. Sa'ad da Iliya ya zauna a gindin itace yana roƙon mutuwa, abin da aka fara ba shi barci ne da abinci da ruwa, har sau biyu, maganar kuwa sai daga baya a dutsen Horeb.

Abu na ƙarshe da ya fi wuyar faɗa shi ne ba kowa ake mayar wa abin da ya rasa a wannan duniya ba. Muna son ƙarshen labarin Yusufu da na Ayuba, muna mantawa da cewa Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi, ƙayar kuwa babu inda aka ce an cire ta. Sura ta 11 ta Ibraniyawa, bayan ta lissafa waɗanda suka rufe bakin zakoki ta wurin bangaskiya, ta lissafa waɗanda aka jajjefe, da waɗanda aka kashe da takobi, ta kuma yaba musu da bangaskiya iri ɗaya. Ayuba ma, ba a taɓa gaya masa dalilin abin da ya same shi ba, abin da ya samu shi ne ya ce a da da kunne yake jin labarin Allah, yanzu kuwa idonsa ya gan shi. Gani ya kori ji, amma tambayoyinsa suna nan inda ya ajiye su.

Roƙona ga fastoci da dattawan ikilisiya shi ne su koya wa mutane waɗannan surori tun ana lafiya, su bar zaburoyin kuka su shiga sujada, domin wanda bai taɓa jin su ba sai a gadon asibiti yakan zaci shi kaɗai ne ya taɓa shiga wannan hali. A cikin dukan waɗanda suka zo duba ni, wanda ya fi yi mini amfani wani dattijo ne da yakan zo sau ɗaya a mako, ya zauna kusa da gado, ya karanta mini zabura guda, ya rufe littafin ba tare da ya yi mini bayaninta ba. Wata rana na ce masa ban san ko ina gaskata abin da yake karantawa ba, sai ya ce ba kome, zai dawo mako mai zuwa, ya kuwa dawo. Na tashi daga wannan ciwo amma ban warke sarai ba, har yau da sanda nake tafiya, kuma ban daina roƙon Ubangiji ya raba ni da ita ba.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Wani mai karatu